Lafiya Uwar Jiki: Kumburin gwiwa da maganin da ba a saye a tire

A Gafati, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da birnin Damagaram, in gwiwar mutum ta kumbura, sunan da ake fara ba ta shi ne sanyi. Sai a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko ya yi tsaga. In an tuna cewa an taɓa faɗuwa daga babur, sai a nufi maɗori. Daga nan kuma sai ranar kasuwa, a tsaya gaban mai tiren magani a karɓi diklofenak na dala ashirin. Sau da yawa kumburin yakan saɓe, a ci gaba da harkoki, shi ya sa ba a cika ganin laifin wannan hanya ba. To amma akwai wata gwiwa da ba ta jin ƙaho. Takan kumbura ta saɓe, ta sake kumbura, shekara guda, shekara biyu, har mai ita ya fara sallah a zaune alhali bai kai shekara 40 ba. In aka kai shi asibiti aka zuƙo ruwan da allura, sai a ga ruwan ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa kamar tsatsa, ga shi kuwa bai bugu ba, bai faɗi ba.

Irin wannan gwiwa tana iya zama gidan wani ƙari da ba kasafai ake ganinsa ba. A takardun likitocin Nijar sunansa synovite villonodulaire, sabon sunansa kuma tumeur ténosynoviale à cellules géantes. Ya kamata mai karatu ya riƙe sunayen nan, domin su zai gani a rubuce in abin ya zo gidansa. Galibin gaɓoɓin jikin ɗan Adam suna da wani siririn tantani da ya shimfiɗe cikinsu, mai fitar da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa don kada ƙashi ya goge ƙashi. Wannan tantani ne yake kauri, yana tsiro, yana zubar da jini kaɗan-kaɗan a cikin gaɓar. Ƙarfen da ke cikin jinin shi ke zama ya rina naman, ya mai da shi launin tsatsa. Ba ciwon daji ba ne irin wanda ke bazuwa zuwa huhu ko hanta ya kashe mutum. Hakan ba ya faruwa sai nadiran. Ɓarnarsa a wuri ɗaya take, yana cin guringuntsi, yana rarake ƙashi, har gaɓar ta sandare. Ga manomin da ke durƙusawa a lambu, ko ɗan kasuwar da ke hawa da sauka daga mota tsakanin Miriya da Matamai, gwiwar da ta sandare daidai take da rufe shago.

Iri biyu ne. Akwai mai taruwa wuri ɗaya kamar ƙwallon goro, wanda ya fi fitowa a yatsun hannu. Akwai kuma mai yaɗuwa, wanda ke bin tantanin gaba ɗaya kamar yadda ƙiri-ƙiri ke bin gona, ya fi son gwiwa, sa'an nan idon sawu, da ƙugu, da gwiwar hannu. Kusan kullum gaɓa ɗaya yake kamawa, kuma ya fi kama masu shekara 20 zuwa 50, wato masu ciyar da gida. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2017, ya gano cewa mai yaɗuwar yana kama mutum 4 cikin miliyan ɗaya a kowace shekara. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Damagaram mutum miliyan 3 da rabi. In aka ɗora lissafin Holan a kan wannan adadi, za a sami mutum wajen 14 a shekara, ko ƙasa da haka tun da yara sun fi yawa a cikin jama'ar jihar. Ke nan majon da ke riƙe da gidan likita na ƙauye yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai gane ko ɗaya ba, kuma ba za a ce ya yi sakaci ba. Kafin a kai ga wannan suna, sai an kawar da abubuwan da suka fi shi yawa nesa ba kusa ba a ƙasar: tarin fuka da ya sauka a ƙashi, ruɓar gaɓa mai mugunya, amosanin jini, da tsohon targaɗe.

Likitocin duniya sun daɗe da sanin ciwon. Wani likitan fiɗa na Faransa, Edouard Chassaignac, ya bayyana shi a 1852. A 1941 Henry Jaffe da abokan aikinsa a birnin New York suka tattara nau'o'insa ƙarƙashin suna ɗaya. Amma fiye da shekara 60 bayan haka ana ta gardama: kumburi ne kawai, ko kuwa ƙari ne na gaske? Sai a 2006 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka suka warware zaren, kuma abin da suka gano shi ne tushen duk magungunan da ake magana a kansu yau.

Sun tarar cewa a cikin naman ƙarin, ƙwayoyin halittar da ke da lahani ƴan kaɗan ne ƙwarai, ba su wuce 2 zuwa 16 cikin 100 ba. Wani ɓangare na gadonsu ya tsinke ya manne inda ba wurinsa ba, sai suka shiga fitar da wani sinadari mai suna CSF1 ba ƙaƙƙautawa. Aikin wannan sinadari a jikin mai lafiya shi ne kiran wasu fararen ƙwayoyin jini masu share datti. Duk wanda ya taɓa ganin yadda makaɗa uku ke cika dandali da jama'a ya fahimci abin. Makaɗan kaɗan ne, taron ne ke tare hanya. Haka ƙarin yake: galibin namansa ƙwayoyi ne lafiyayyu da suka amsa kira, suka taru, suka ƙi watsewa domin ba a daina kiɗan ba. Da aka gane haka, sai dabara ta fito fili. In ba a iya kama makaɗan ba, a toshe kunnen taron.

Wanda ya fara gwada wannan dabara shi ne Farfesa Jean-Yves Blay na birnin Lyon. A 2008 ya ba da rahoton wata mata mai irin wannan ƙari a gwiwar hannu, wadda ya ba imatinib, maganin da aka yi don wani nau'in ciwon daji na jini, amma wanda ke ɗan toshe wannan kunne. Ƙarin ya ɓace. Da ta daina sha ya dawo, da ta koma sha ya sake ɓacewa. Labarin matar nan ya ƙunshi alherin waɗannan magunguna da iyakarsu gaba ɗaya: suna watsa taro, amma makaɗan suna nan zaune da gangunansu. Da aka tattara marasa lafiya da yawa a 2012, sai aka ga imatinib ya rage ƙarin sosai ga mutum 5 kaɗai cikin 27. Aka shiga neman wanda ya fi shi iya toshiya.

Na farko da ya fito shi ne pexidartinib, wanda kamfanin Daiichi Sankyo na Japan ke sayarwa da sunan Turalio. An gwada shi a kan mutum 120 waɗanda fiɗa ba za ta amfane su ba. An ba 61 maganin, an ba 59 ƙwayar da babu komi a cikinta, ba tare da sun san wadda suka samu ba. Bayan mako 25, ƙarin ya ragu sosai ga mutum 24 cikin 61, a ɗaya ɓangaren kuwa ko mutum ɗaya bai ga canji ba. Gaɓoɓi sun ƙara lanƙwasuwa, masu ɗingishi sun sami sauƙin tafiya. Ranar 2 ga Agusta 2019 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi, ya zama maganin sha na farko da aka taɓa yarda da shi don wannan ciwo.

Sai dai tun ana cikin gwajin aka ga abin da ya sa aka dakatar da ɗaukar sababbin mutane kafin a cika adadin da aka yi niyya. Maganin yana taɓa hanta. Ga mafi yawa, awon jini ne kawai ke nuna hantar ta ɗan motsa, in aka rage ko aka tsaya sai ta koma daidai. Amma ga wasu ƙalilan, ƙananan hanyoyin da ke fitar da ruwan maɗaci daga hanta ne suke lalacewa, shawara ta kama mutum ta yi watanni, kuma ba a iya sanin wanda abin zai faɗa wa tun da wuri. Cikin masu wasu cututtuka da aka gwada maganin a kansu, an sami wadda sai da aka dasa mata sabuwar hanta, an kuma sami rasuwa. Saboda haka Amurka ta ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri: likitan da ya yi rajista ta musamman kaɗai ke rubuta shi, faramasin da aka tantance kaɗai ke bayar da shi, a sa sunan mai sha a kundi, a kuma auna jininsa kowane mako har mako 8 na farko, sa'an nan kowane mako biyu na wata guda, daga nan duk wata uku. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai kuwa, da ta duba takardun nan guda a watan Yuni na 2020, sai ta ƙi. Hujjarta ita ce ciwon ba ya kisa, don haka bai kamata a sayi sauƙin gwiwa da kasadar hanta ba. Hukumomi biyu masu ƙwararrun likitoci sun kalli shaida ɗaya sun saɓa, abin da ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan in wani ya ce masa ga magani sha yanzu magani yanzu.

Ko yadda ake shan sa ma aiki ne. Sau biyu a rana, tare da abinci marar maiƙo sosai, domin abinci mai kitse yana ninka yawan maganin da ke shiga jini, hatsarin hanta ya ƙaru. Tuwo da man shanu, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, duk sai an yi lissafinsu, balle a zo ga watan azumi da yadda ake buɗa-baki. Ba ya jituwa da rifampisin na masu tarin fuka, ba ya jituwa da omeprazol da ake sha barkatai don gyambon ciki, yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma yana cutar da ɗan tayi. Yawancin masu shan sa gashinsu yakan yi fari, saurayi ya wayi gari da furfura, ko da yake wannan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Na biyu shi ne vimseltinib, mai sunan kasuwa Romvimza, na kamfanin Deciphera, wanda kamfanin Ono na Japan ya saye a 2024. An ƙera shi ya toshe wannan kunne kaɗai ba tare da ya taɓa maƙwabtansa ba. A gwajinsa, mutum 83 sun sha maganin, 40 sun sha ƙwayar banza. Bayan mako 25 ƙarin ya ragu ga 33 cikin 83, babu ko ɗaya a cikin 40 ɗin. Ana shan sa sau biyu a mako. Ba a ga irin waccan mummunar lalacewar hanta a gwajin ba, amma duk da haka ana auna hanta kafin a fara da kuma lokacin da ake sha, kuma yana kawo kumburin fatar ido da fuska, da gajiya, da ƙaiƙayi, shi ma haramun ne ga mai ciki. Amurka ta amince da shi ranar 14 ga Fabrairu 2025, Tarayyar Turai ta bi baya a watan Satumba na shekarar. Akwai na uku, pimicotinib, na kamfanin Abbisko da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda gwajinsa ya nuna raguwar ƙari ga fiye da rabin waɗanda suka sha.

Yanzu sai a zo ga kuɗi, inda ƴan kasuwa za su gyara zama. Lokacin da Turalio ya fito a 2019, farashin na wata guda ya kai dala 19,800, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Dole ta tamma biyar ba. A kuɗin sefa ya haura miliyan 11. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024 jikka 42 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da shekara 20, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi na kwana 30. Kuma ba magani ba ne da ake sha na mako biyu a huta. Muddin makaɗan nan suna nan, daina sha yana iya dawo da taron. Ragin rabin kuɗin asibitocin gomnati da aka fara a watan Satumba na 2024 ya sauƙaƙa ganin likita da awo da fiɗa, amma ba shi da hannu a farashin da wani kamfani ya yanka a Tokyo ko Boston.

A nan ne hatsarin yake ga mutanen Damagaram, waɗanda Allah ya ba ƴan uwa a ko'ina, daga Kano da Legas har Jidda, Dubai da New York. Labarin sabon magani yakan iso ta WhatsApp kafin ya iso ta bakin likita. Ɗan uwa mai son alheri yana iya cewa zai nemo, wani dillali kuma ya ce yana da hanya ta Indiya a rabin kuɗi. Maganin da ko a Amurka ba ya fita sai ta faramasi tantantacce, in aka gan shi cikin jakar fatake, abu biyu ne: ko na jabu ne, ko na gaske ne da ya rabu da awon jinin da ke tsare ran mai shan sa. Kowanne a ciki musiba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ko jabu ne ko marar inganci. Nijar ba ta bukatar a ba ta labari: lokacin annobar sanƙarau ta 1995, fiye da mutum 50,000 aka yi wa allurar rigakafin da daga baya aka gano babu magani a cikinta. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yawaita a yankin Sahel, wanda mutane da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba, alhali ƙa'idar pexidartinib ta hana fara shi ga wanda hantarsa ke da ciwo. Takardar ordonansi da ake ɗauka kamar shingen da likitoci suka kafa don cin kuɗi, a wannan magani ita da allurar ɗibar jini rabin maganin ne.

Abin da ya kamata a sani kuma shi ne, ko a ƙasashen da magungunan suke, ba kowa ake ba su ba. An ware su ne ga wanda fiɗa za ta nakasa, ko wanda aka yi wa aiki sau da yawa ƙarin yana dawowa. Maganin farko har gobe shi ne wuƙar likitan ƙashi. Mai taruwa wuri ɗaya, in aka cire shi duka, kusan 9 cikin 10 ba ya dawowa. Mai yaɗuwa ya fi taurin kai: wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka buga a 2019 ya nuna ya dawo ga 44 cikin 100. Adadin yana da yawa, amma ma'anarsa fiye da rabi sun rabu da shi, kuma gaɓar da aka kai da wuri, guringuntsinta bai cinye ba, ta fi wadda aka kai bayan shekara biyar na ƙaho da tsaga samun sa'a. Wannan aiki kuwa ba sai an ƙetare teku ba. Akwai likitocin ƙashi a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, da babban asibitin Maraɗi, da na Yamai, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda mutanen jihar suka san hanyarsa tun kaka da kakanni.

Inda gizo ke saƙa shi ne gano ciwon. Hoton radiyo na ƙashi sau da yawa ba ya nuna komi a farkon lamari, sai a ce wa mutum ƙashinsa lafiya lau, ya koma gida da murna da jakar diklofenak. Shi kuwa diklofenak, in an daɗe ana sha, yana cin ciki da ƙoda. In mai tire ya haɗa da deksametazon sai fuska ta cika a ɗauka ƙiba ce. In ya haɗa da tramadol kuma an buɗe wata ƙofar da ta fi gwiwa wuyar rufewa. Na'urar da ke ganin ƙarin sosai ita ce IRM, domin ƙarfen jinin da ya zauna a naman yakan fito baƙi ƙirin a hotonta. Tabbaci na ƙarshe kuma sai an yanki ɗan naman an duba shi a madubin likita. Ga mutumin Gafati, wanda ke iya zuwa birnin Damagaram ya dawo kafin azahar, wannan yana iya nufin tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai, ko tsallaka iyaka zuwa Kano, da kuɗin mota, da masauki, da shagon da aka bari a rufe. Da za a tambayi abin da jihar ta fi bukata game da wannan ciwo, ai ɗakin duba nama da ke aiki kullum da na'urar hoto da ba ta yawan mutuwa sun riga ƙwayar miliyan 11 a layi, tun da su za su amfani mai ciwon nono da mai ƙarin wuya da mai tarin ƙashi gaba ɗaya. Sashen koyon likita na Jami'ar André Salifou yana nan cikin gari, yana yaye matasan da za su iya riƙe irin waɗannan wurare in an ba su kayan aiki da albashin da zai zaunar da su.

Ma'aikacin gomnati da ke tunanin neman a fitar da shi waje magani, shi ma ya san cewa majalisar likitocin da ke duba irin wannan buƙata takarda take karantawa, ba ɗingishi ba. Dosiyen da babu sakamakon duba nama a cikinsa ba ya tafiya ko'ina. In ma an fita an samo maganin, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai riƙa auna hantar kowane mako bayan an dawo gida, kuma wa zai biya na wata na biyu.

Saboda haka mai gwiwa ɗaya da ta yi wata uku tana kumbura tana saɓewa, ko take kullewa in ya tashi tsaye, ya fara daga gidan likita na garinsu, ya nemi takardar turawa zuwa asibitin Miriya ko na Damagaram, ya gaya wa likita duk abin da ya sha, har da jiƙe-jiƙe da saiwoyi, kada ya ɓoye don kunya. In an zuƙo ruwa, ya tambayi launinsa, ya sa a rubuta a karnensa da kwanan wata. In aka kai ga fiɗa, iyalinsa su tabbatar tun kafin a shiga ɗakin aiki cewa naman da za a cire ba za a zubar ba, za a sa shi a kwalba da ruwan formol a aika ɗakin awo, su kuma karɓi lambar kwalbar da ranar da za a dawo karɓar sakamako.